Kan Burtu da Akwatin Hoto

Ranar da akushin Kawu ya dawo da tuwonsa ciki, ina zaune bakin ɗakin Inna ina goge akwatin hotona da gefen riga. Maƙwabciyarmu da ta saba kai masa ta aje akushin ƙasa, ba ta dubi kowa ba, ta ce wai Kawu ya ce ya ƙoshi. Inna ta ɗaga faifan. Ko loma ɗaya ba a yanka ba, man shanun da ta zuba ya daskare bisa miyar. Ta mayar da faifan ta rufe, ta dube ni, ta dubi abin da ke bisa cinyata, sannan ta shige ɗaki.

Kawu wan Inna ne, ciki ɗaya, kuma su biyu kaɗai sunka rage cikin ɗakinsu. Maharbi ne, gidansa na can ƙarshen Wurno wajen hanyar fadama. Tun da matarsa ta rasu tuwonsa daga tukunyar Inna yake fitowa, kuma ban taɓa ganin akushin nan ya dawo da saura ba. Mutumin da ke suɗe miya da yatsa har itacen ya yi ƙyalli, shi ne yau wai ya ƙoshi! Ni na san ba ƙoshi ba ne, Inna ma ta sani. Akwatin nan nawa ne ya shiga tsakaninta da ɗan'uwanta.

Lokacin ana cikin mulkin Turawa, ni kuwa sabon malamin gona ne. An ba ni keke da wandon kaki, an ce in riƙa zagaya Wurno da Rabah da Goronyo ina duba shinkafa da albasa. Wanda bai san fadamar Rima ba sai bayan da anka yi madatsar Goronyo, to, bai san ta ba, ya yi haƙuri. In ruwa ya janye sai ka ga tsuntsayen ruwa irin su dinya da kirinjijiya sun rufe tabki, gauraki na taƙama cikin kututturan shinkafa, in kuma ka nausa wajen dajin Gundumi barewa na tsallake maka hanya. A makarantar da na koyi aikin gona akwai wani Bature da ya manna hotunan namun dajin wata ƙasa jikin bangon ofis ɗinsa. Kullum na shiga sai na tsaya kallo, ina cewa a raina, to mu namu mi sunka rasa? Tun daga nan kwaɗayin abin ya shige ni.

Da na fara ɗaukar albashi na hau lori zuwa Sakkwato, na shiga kantin Turawa. Akawun kantin, wani ɗan kudu mai Hausa a karkace, ya fiddo mani na'urar ɗaukar hoto iri biyu. Ɗaya ana naɗe ta a sa aljihu, in an buɗe sai wuyanta ya miƙe kamar zugazugin maƙera, ga lambobi zagaye da idonta da 'yan ƙarafa na murɗawa ko'ina. Ɗayar kuwa baƙin akwati ne kawai, da ido ɗaya a gaba, da ɗan madubi a sama wanda bai fi farcen babban yatsa ba, da ɗan ƙarfe a gefe na latsawa. Raina na ga mai zugazugin. Akawu ya ce a'a, tunda ban taɓa ɗauka ba in ɗauki akwatin, ba shi da abin da zan murɗa in ɓata.

Nan take na fara zarginsa. Ina ka taɓa ganin mai kanti ya ture maka mai tsada ya miƙo maka mai araha? Na ce ko dai ya raina ni ne don ya ji bakina na ƙauye, ko kuwa akwatin ya daɗe yana shan ƙura yana neman wanda zai liƙa wa. Na juya shi, na girgiza, na shinshina, na sa ya latsa ƙarfen a gabana har na ji ƙas. Na tambaye shi ko zai kama barewa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce akwai wadda ake ɗaura wa dogon ido mai jawo nesa, amma wannan ba a kantinsu take ba, kuma ba ta irina ba ce. Dariyar nan ta ƙona mani rai, sai na ce a naɗe mani akwatin don kawai in fita.

Kafin in fita ya koya mani sa fim, wato wata doguwar takarda mai naɗe da wani abu sulɓi a cikinta. Ya ce rana ta kasance bayana kullum. In danna akwatin ga cikina, in sunkuyar da kai in duba ɗan madubin, in riƙe numfashi sannan in latsa. Bayan kowace latsawa in murɗa har sabuwar lamba ta fito a jar tagar da ke baya. Ya ɗaga yatsa ya ce kada in kuskura in buɗe bayan akwatin sai fim ya ƙare na naɗe shi duka, don in rana ta gan shi, duk abin da ke ciki ya mutu.

Fim ɗin farko a fadamar Rabah na ƙare shi. Na ga gauraki, na lallaɓa, sunka tashi. Na ga barewa biyu can nesa, na latsa haka nan. A hanyar dawowa na gamu da wani maharbin Rabah, abokin Kawu, da bindigarsa a kafaɗa. Munka gaisa, akwatin na rataye a wuyana, kowa ya kama gabansa. Ban ɗauke shi hoto ba, Allah ya sani.

Na aika fim Sakkwato a wanke, na zauna jira. Da hotunan sunka zo sai da na ji kunyar kaina. Sama, ciyawa, sai wani ɗigo baƙi a tsakiya wanda ni kaɗai na san gauraka ce. Barewar kuwa ko ɗigon babu. Kuma ba duka anka dawo mani da su ba, wai sauran sun lalace. Ni ma abin ya tsaya mani a rai. Wa ya ga sun lalace? A hannun wa da wa sunka biyo kafin su zo mani?

Ba a jima ba anka kama maharbin nan na Rabah. Lokacin an tsananta dokar farauta, bindigarsa kuma ba ta da takarda, sai anka karɓe ta. Shi ke nan, magana ta tashi. Wai ni na ɗauke shi cikin akwati na aika wa Turawa. Wai akwatin ko ba a latsa ba yana gani, don idonsa ba ya rufewa. Mutanenmu kuma duk mai wandon kaki ɗaya ne a wurinsu, da malamin gona da malamin daji. In na ratsa kasuwa sai hira ta mutu. Fulanin da ke kiwo wajen Dinawa, waɗanda matansu ke tare ni da ƙwaryar nono, yanzu da sun hango kekena sai su kaɗa shanu su nufi wani waje. Ban damu da su sosai ba. Amma bindigar Kawu ma ba ta da takarda, kuma gadon kakana ce.

Na ɗauki hotunan na tafi gidansa. Na tarar da shi yana gyaran tarko. Na durƙusa na gaishe shi.

"Lahiya lau, Malam," in ji shi.

Malam! Mutumin da tun ina rarrafe ba ya kirana sai "kai yaro". Na haɗiye, na shimfiɗa masa hotunan bisa tabarma, na ce ya duba da idonsa, ba mutum ciki, ba bindiga, ko tsuntsun ma da ƙyar. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya taɓa ba.

"Waɗanga su na sunka maido maka," ya ce. "Waɗanda sunka riƙe fa?"

Tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Na ce wallahi ban ɗauki abokinsa ba. Ya ce shi bai ce na ɗauka ba. Ya ce ai ni yaro ne, ana iya ba yaro kaya ya kai bai san mi ke ciki ba. Wannan ta fi zagi ciwo. Na tattara hotunana na fito ko sallama ban yi ba, da maraicen ranar kuwa akushi ya dawo da tuwonsa.

Inna ba ta daina aikawa ba. Kullum za ta tuƙa, ta zaɓi malmala mai kyau, ta zuba man shanu, a kai, a dawo da shi yadda yake. Ta tafi da kanta, ya amsa gaisuwarta daga cikin ɗaki bai fito ba. Ta fara ramewa, ta bar zuwa biki don kada a tambaye ta labarin ɗan'uwanta. Wata safiya ta same ni ina ɗaure kaya bisa keke.

"Ɗan nan, ka jefa abin nan gulbi," ta ce. "Ni ba ni da kowa sai Yaya. Uwarmu da za ta cika hannuna ta sa cikin nashi."

Na ce Inna, in na jefa ai na amsa laifin da ban yi ba, gobe a ce na ɓoye shaida. Gaskiya ce na faɗa, amma ba ita kaɗai ba ce. Ina son akwatin, kuma zuciya ta riga ta ɗebe ni. Mi ya sa ni zan sauko? Ta ce to, ta juya. Wannan "to" ɗin ta bi ni har Goronyo.

Ranar kasuwar Goronyo ce. Akwai wani mai hoto da ke zuwa da babban akwati mai ƙafa uku, yana cusa kansa cikin baƙin zane yana ɗaukar masu neman aiki da sababbin angwaye. Ina cikin tura keke sai na hango Kawu tsaye kusa da shi. Kawu da ko kasuwar Wurno sai ta kama dole yake shiga! Ba hoto ya zo ɗauka ba, magana suke yi, mai hoton na nuna masa wani abu da hannu, shi kuwa yana gyaɗa kai. Na laɓe bayan rumfar masu albasa har sunka rabu. Na sha jinin jikina. Na ce lalle tsohon nan shaida yake nema a kaina.

Bayan kasuwar da 'yan kwanaki ya aiko a kira ni. Na tarar ya fiddo kan burtunsa ya aje bisa buzu. Wanda bai san shi ba, itace ne ake sassaƙawa kamar wuyan burtu, a rufe da fata, a sa masa bakin tsuntsun na gaske da jajayen idanu, da igiyar ɗaurawa a goshi. Maharbi ya ɗaura shi, ya yafa baƙin zane, ya duƙa yana tafiya yana sassarar ƙasa. Namun daji sun saba kiwo tare da burtu, ba su gudunsa, sai mutum ya matso har inda bindiga za ta kai.

"An ce abin naka ba shi gani nesa," ya ce.

Na ce haka ne.

"To ka zo in kai ka kusa. Ina son in ga yadda shika aiki da idona."

Ban yarda da shi ba. Mutumin da ya ƙi tuwon ƙanwarsa saboda akwati, shi ne zai kai akwatin inda yake farauta? Na yi tunanin ko so yake mu shiga daji ya fasa shi da dutse. Amma da na gaya wa Inna sai na ga fuskarta ta saki, har ta tashi ta dama mana fura. Ba yadda zan yi in ƙi.

Munka fita wajen Gundumi. Abu na farko da na lura, bai ɗauko bindiga ba, sai sanda da gora. Na biyu, bai yarda na bi bayansa ba. Ko'ina ni ke gaba, shi yana baya yana ce mani dama, hagu. In na waiwaya sai in ga idonsa ba ga hanya yake ba, yana kan akwatin. Furar Inna kuwa ni kaɗai na sha, shi ruwan gorarsa ya kurɓa.

Koyon burtu ba wasa ba ne. Cinyoyina sunka yi tsami, ƙaya ta cika mani gwiwa, igiyar ta yanke mani goshi. Kawu na zaune gindin aduwa yana sukata.

"Wanga ba burtu ba na, jaki na mai ciwon baya. Sassauta wuya! Burtu ba shi sauri, ba shi da inda za shi. Ka yi taku, ka tsaya, ka sari ƙasa, ka dubi wani wuri kamar ba ruwanka."

Sai kuma munka yi karo kan rana da iska. Ni akawu ya ce mani rana a bayana. Kawu ya ce iska a fuskata, in ba haka ba barewa ta shinshino ni tun ban gan ta ba. Da rani iska daga gabas take zuwa, da safe kuma rana na gabas. In na ba rana baya na ba iska baya. Munka yi ta gardama, ya ce wannan wane irin abu ne da ke son a kai wa nama warin mutum, anya ba don a kore masa namun dajinsa anka ƙera shi ba? Daga ƙarshe shi ya warware, ya ce mu bar safiya mu riƙa fita da la'asar. Rana ta koma yamma, mu fuskanci gabas, kowa ya samu abin da yake so.

Abu ɗaya ya ba shi dariya, ita ma ya danne ta. In na sunkuya don in duba ɗan madubin, sai bakin burtun da ke goshina ya sauka ƙasa daidai yadda tsuntsun ke kiwo. Ya ce to, ko ba komi akwatin ya san ladabin burtu.

Mun yi ta zuwa duk ranar da ba ni da aiki. Ina tsoron ɓata fim, ban latsa ba sai 'yan kaɗan, su ma na san shirme ne. Duk tsawon lokacin nan akushi bai daina dawowa cike ba, kuma "Malam" bai bar bakinsa ba. Na kasa gane mi yake jira.

Ranar da abin ya faru iska na kaɗawa a hankali. Munka hango barewa uku suna kiwo a wani fili kusa da busasshen rafi. Kawu ya kwanta bayan sabara, ya yi mani alama da haɓa. Na ɗaura kai, na yafa zane, akwatin na ƙarƙashi manne da cikina, idonsa kaɗai ke leƙowa. Na yi taku, na tsaya, na sari ƙasa. Biyu sunka ɗaga kai sunka dube ni, sunka ci gaba da kiwo. Gumi na shiga mani ido ba damar sharewa. Wani ƙuda ya sauka bisa leɓena ya yi zamansa. Na ci gaba har na fara jin ƙarar haƙoran ɗayarsu tana tsinkar ciyawa.

Mace ce, ita ta fi kusa. Na sunkuya na duba madubi, sai ga ta ciki, ba ɗigo ba, ita kanta, ta cika shi daga gefe zuwa gefe. Jan gashin bayanta, baƙin layin da ya ratsa haƙarƙarinta, farin cikinta, rana ta haske ta sarai. Ta juyo ta dube ni da manyan idanun nan nata, da ɗan ganye a bakinta. Na riƙe numfashi na latsa. Ƙas! Ta yi tsalle ɗaya, kafin in ɗaga kai duk sun ɓace.

Na zauna daɓas a ƙasa. Wallahi tun da nake ban taɓa jin daɗi irin na lokacin nan ba. A raina na ga hoton manne a bango, na ga fuskar akawun nan mai dariya in na aje masa shi bisa teburi. Na murɗa fim zuwa lamba ta gaba, na tashi ina tangaɗi na nufi Kawu ina cewa, ka gani, ka gani?

"Na gani," ya ce. "Ta shiga?"

Na ce ta shiga, Kawu, tana ciki.

"To buɗe in gan ta."

Na yi dariya, na ɗauka wasa ne. Na ce ai ba haka ake yi ba, sai an ƙare fim an naɗe an aika Sakkwato an wanke. Bai yi dariya ba. Ya tashi zaune, ya aje sandarsa bisa cinya.

"Sakkwato kuma. Ga hannun waɗanda ka riƙe wasu su maido wasu. Ka zo da shi wurin farautata, ya ga rahin da nika tsare nama, ya ga gidana, ya gan ni. Yanzu kuma za ka naɗe ka aika masu. In ba komi ciki sai barewa, buɗe nan gabana."

Raina ya ɓaci. Na ce Kawu, in na buɗe komi zai lalace. Ya ce shi dai ya faɗi tasa. Na ce to ya raka ni Sakkwato a wanke a gabansa. Ya ce a ɗaki mai duhu ake wankewa, mi zai gani cikin duhu? Na yi mamakin inda ya san wannan, amma fushi bai bar ni na tsaya tunani ba. Na ce a raina, wanga tsoho da taurin kai yake, jahilci ne kawai ke ɗawainiya da shi. Cinyoyin da na kashe, ƙayar da na taka, barewar da wataƙila ba zan ƙara samun ta tsaya mani haka ba har in mutu! Na juya masa baya na fara cire igiyar burtun, niyyata in aje masa kayansa in kama hanya.

Igiyar ta ƙulle, ina ta fama da ita. Sai kawai na tuna Inna tana ɗaga faifai. Kullum sai ta ɗaga, alhali tun daga nauyin akushin ta san ba a ci ba. In na tafi da akwatin nan a rufe, yau ma haka za ta ɗaga, gobe ma haka, har ɗayansu ya riga ɗaya.

Na juyo, na durƙusa gabansa, na zare ɗan ƙarfen da ke riƙe bayan akwatin. Na buɗe shi cikin ranar la'asar. Na ciro fim ɗin na miƙa masa da hannu biyu, ban iya duban fuskarsa ba.

Ya warware takardar a hankali har ƙarshe, ya ɗaga abin sulɓin sama yana dubawa daga wannan baki zuwa wancan. Ba komi jikinsa, launi ɗaya ne kamar ruwan koko. Ya leƙa cikin akwatin, ya sa yatsa ya shafa kusurwoyinsa, ya busa. Sannan ya naɗe fim ɗin ya sa aljihunsa, ya miƙo mani akwatin.

"Tashi mu tahi, rana ta yi ƙasa."

Wannan karon shi ya shiga gaba. Na bi shi ina haɗiyar hawaye don haushi. Munka yi nisa a haka. Da munka fara hango gonakin albasa na kasa daurewa, na ce, "Kawu, tana ciki fa. Wallahi tana ciki. Rana ce ta kashe ta."

Bai tsaya ba, bai waiwayo ba.

"Na sani," ya ce. "Mai hoton Goronyo ya gaya mani."

Na tsaya cik bisa hanya. Ashe ya sani! Tun ranar kasuwar nan ya sani. Ya san ba abin da zai gani in an buɗe, ya kuma bar ni na sha wahalar burtu, ya jira har na samu wadda nake so fiye da komi, sannan ya ce in buɗe. Da ya ce in buɗe ranar farko ai da na buɗe ina dariya, shi ya sa bai ce ba. Na so in yi masa ihu, na so in jefa akwatin cikin gona. Ya yi nisa kaɗan, sai ya ɗaga murya.

"Kai yaro, tsayin mi kaka yi? Magariba za ta riske mu."

Na taɓa samun barewa a hoto bayan wannan, har da gauraki suna rawa, amma duk daga nesa, ba wadda ta ƙara cika mani madubi. In na ba da labarin waccan, mutane kan yi murmushi su ce to ina hoton? Kawu kaɗai ne shaidata, shi kuwa har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da zancen ba. Ban ce na yafe masa a ranar ba, don ban yafe ba, na daɗe ina jin zafin abin.

Da munka iso gari ya bi hanyar gidansa, ni na bi tamu. Na tarar Inna ta gama tuƙi tana zuba man shanu. Ta dubi fuskata, ta dubi akwatin, ba ta tambaye ni komi ba. Maƙwabciya ta ɗauki akushi ta fita. Munka yi sallar magariba, Inna ta zauna bakin ɗaki da carbi, idonta na kan ƙofa.

Da matar ta dawo, da hannu ɗaya ta riƙo akushin, faifan na ɗayan hannun. Ta ce wai Kawu ya ce a gaya wa Inna gishiri ya yi kaɗan. Inna ta karɓa, ta duba ciki. An suɗe shi tas, har sawun yatsa ana gani. Ta rungume shi a ƙirji, ta ja gefen zanenta ta rufe fuska.